Yadda za ka gyara bindigar airsoft in iska na zurarewa

Airsoft bindigar wasa ce mai harba ƙananan ƙwallayen roba da ƙarfin iska. In ka harba ka ga ƙwallon robar nan mai milimita 6 ya faɗo gabanka kamar an jefa tsakuwa, to iska ce ke gudu.

Da farko cire magazin da batir, ka tabbata ba ƙwallo a ciki. Sai ka buɗe giyabos, wato akwatin injin da ke cikin bindigar, a hankali, don sifirin ɗin na iya tsalle ya doke ka a fuska.

Zaro silinda da fistin, toshe bakin nozul, wato ɗan bututun da iska ke fita ta cikinsa, da yatsa sannan ka tura fistin da sauri. In ya cije ya ƙi shiga, to lafiya lau, in kuwa ya wuce salin alin to zoben robar kan fistin ne ya bushe ko ya tsage, kuma wlh hunturun Zariya da ƙurarsa ba sa barin roba lafiya, canza shi kawai ka shafa man silikon kaɗan. Ban da man inji ko basilin dan Allah, suna lalata robar.

Kan silinda in yana lilo, naɗa masa farin tef ɗin masu gyaran famfo, akwai shi a Sabon Gari.

In duk da haka ba ƙarfi, duba robar hop-up, wato robar da ke gindin bututun da ƙwallo ke bi ya fita, wataƙila ta yage.