Darasi na 9: Lafiyar Yaran Shago da Ma'aikata

Wannan darasin na masu gida ne, wato duk wanda wani ke aiki a ƙarƙashinsa ko da kuwa yaro ɗaya ne tak. Mai walda, bakanike, tela mai kekuna uku, Hajiya mai gidan abinci, mai gidan burodi, ɗan kwangilar da ke ɗaukar leburori, duk kun shigo ciki. In kuma kai ne yaron shagon to kar ka ce babu ruwanka, karanta, gobe kai ne oga. A karanta a hankali, kowa ya ɗauki sakin layi ɗaya, inda kalma ta yi wuya a tsaya a rubuta ta a allo.

Abin da ya faru a layinmu

Akwai wani shagon kafinta a layinmu mai yara huɗu. Wata rana ƙaraminsu, wanda bai wuce shekara 17 ba, ya taka ƙusa, ta huda silifas ta shige tafin ƙafarsa. Ya cije ya zare ta, ya tsallaka wajen bakaniken da ke kallonsu ya lakato baƙin mai ya shafa, ya ɗaure da tsumma, ya dawo ya ci gaba da goge katako kamar babu abin da ya faru. Bai gaya wa oga ba. Dalili kuwa, dokar shagon ita ce ranar da ba ka yi aiki ba babu sallama, shi kuma da sallamar nan ta yamma yake auno wa mahaifiyarsa garin tuwo. Kwana shida yana ɗingishi yana cewa targaɗe ne, har ranar da ƙafa ta kumbura suntum, zazzaɓi ya kwantar da shi a kan tarin katako yana rawar sanyi da tsakar rana. A Adaidaita Sahu aka kwashe shi zuwa asibiti. Sati uku bai taka ƙafar nan ba, kuma ogan ne ya biya kuɗin allurai da wankin ciwo, ga aikin gadon amarya da ya karɓa ya tsaya.

Da muka je dubiya na ji ogan da kunnena yana cewa, "Haba yaro, da ka gaya min tun ranar ai da allura ɗaya ce da wanki." Yaron ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Ni dai a raina na ce Malam ai kai ka ɗinke masa bakin.

Toh a nan darasinmu yake. Yawancin ma'aikacin da ciwo ya kayar ya daɗe da sanin ba shi da lafiya, ɓoyewa yake, ko don tsoron a yanke masa kuɗi, ko tsoron a ce rago ne, ko kar a kawo wani a madadinsa. Saboda haka kafin ka sayi safar hannu ko takunkumi, ka fara tara yaranka ka faɗa musu da bakinka cewa duk wanda ya ji ciwo a wajen aiki ya faɗa a take, ba za a taɓa sallamarsa ta ranar ba. Kuma ranar da na farko ya zo ya faɗa kar ka haɗe rai, sauran suna kallon fuskarka, daga nan za su gane ko da gaske kake.

Ruwa, inuwa da hutu

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, mutumin da ke kwaɓa siminti ko yake gaban tanderun burodi gumin da yake zubarwa ba kaɗan ba ne, kuma ba zai bar aiki ya tafi sayen ruwa da kuɗinsa kowane rabin awa ba. Ajiye randa ko kula cike da ruwa mai tsabta a inda hannu zai kai. Ka koya musu su riƙa duba fitsarinsu, in ya yi ja kuma ɗan kaɗan to jiki ya bushe ke nan. Wanda ya fara jiri da ciwon kai, ko jijiyar ƙafa tana ɗaure masa, a kai shi inuwa, a sassauta masa riga, a jiƙa masa jiki a yi masa fifita. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da suga: fiya wata biyu, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga a shafe ba a cike da tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in ya fara sambatu ko ya suma, kar a ɗura masa komai a baki, asibiti kai tsaye, ana jiƙa shi a hanya.

In azumi ya faɗo a bazara, aikin ƙarfi a mayar da shi bayan asuba ko bayan an sha ruwa. Wannan ba ya cin ko sisi, tsari ne kawai.

Ido, kunne da huhu

Masu walda kun san ciwon nan na dare, ido ya yi ja yana ruwa kamar an watsa yashi a ciki. Hasken walda ne ya ƙona saman ƙwayar idon, kuma abin haushi ba mai riƙe da waldar ya fi kamawa ba, shi yana da gilashi, yaron da ke riƙe masa ƙarfe ne yake kallon wutar da tsirarar ido. Gilashi ɗaya a shago bai isa ba, kuma baƙin tabarau na kwalliya da ake sayarwa a bakin titi ba gilashin walda ba ne. In ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ido kar a sa tsinken ashana ko harshe a ce za a ciro, a rufe idon a tafi asibiti. In siminti ne ko ruwan batir, a yi ta kwarara ruwa a idon kamar minti 20 kafin ma a nemi abin hawa.

Sai maganar madara. Na san za a yi min gardama a aji, amma gaskiya ɗaya ce: gwangwanin madarar da ake ba mai fenti ko mai walda bayan aiki ba ya wanke komai. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. A sha don daɗi da ƙarin ƙarfi, ba laifi, amma abin da ke kare huhu shi ne iska ta riƙa ratsa wajen aiki, da takunkumi mai kyau da ya kama fuska. Janareta kuma waje, nesa da taga, hayaƙinsa na da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci, teloli masu kwanan shago gab da Sallah ku ji wannan da kyau. Duk wanda tari ya kai masa sati biyu a tura shi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen.

Masu injin niƙa, ga gwaji mai sauƙi. In sai ka ɗaga murya sannan wanda ke tsaye kusa da kai, tsawon hannu ɗaya, zai ji ka, to ƙarar ta kai wadda ke cin kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. A sayi abin toshe kunne, a riƙa karɓa-karɓa a gaban injin.

Wani abin kuma ƙurar aiki ba a shago take tsayawa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Mai gyaran batir da mai kankare tsohon fenti su ma suna iya kai irin wannan gida a jikin riga. Kayan aiki su kwana a shago, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kafin kuma a ɗauki yaro.

Akwatin taimakon gaggawa

Ba sai mai tsada ba, ko tsohuwar robar fenti mai murfi in an wanke ta tas ta isa. A zuba bandeji, filasta, auduga, aidin, almakashi, safar hannu ta roba, sabulu da ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da suga na kemis. Ƙuna ruwan sanyi take so, a yi ta zubawa minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri ko baƙin mai. Yanka kuma a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Ƙusa ko tsohon ƙarfe in ya huda mutum a wanke da ruwa da sabulu, a je a yi maganar allurar tetanus a ranar, ba sai an ga yadda hali ya yi ba.

Me doka ta ce

Da yawanmu muna ɗauka duk wannan alfarma ce. A'a, wani abin haƙƙi ne a rubuce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma cikin kowane kwana bakwai yana da yini guda na hutu. Mara lafiyar da likita ya ba takarda yana da har kwana 12 na aiki a shekara da za a biya shi yana kwance. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida da albashinsa. Mace mai ciki tana da sati shida kafin haihuwa da sati shida bayanta, in ta kai wata shida a wajen aikin za a ba ta aƙalla rabin albashi, in ta dawo kuma tana da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Hajiya mai gidan abinci, wannan layin naki ne.

Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Mai aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa ba daga albashin ma'aikaci ba, in ma'aikaci ya ji rauni ko ya nakasa ko ya rasu a dalilin aiki sai asusun ya ɗauki nauyin magani da diyya, har hatsarin da ya same shi a hanyarsa tsakanin gida da wajen aiki. Ga inshorar lafiya kuma, a Kano hukumar KSCHMA ce ke kula da ita, sauran jihohi ma da tasu, je ka tambayi yadda ake sa ma'aikata. Na san mai shago da yara uku zai ce wannan ai ta manyan kamfanonin Sharaɗa da Bompai ce. To ko ba ka kai can ba tukuna, ku buɗe asusun shago, kullum kowa ya jefa ɗan abu, oga ya jefa ninki, kuɗin ba na biki ba ne ba na suna ba, na asibiti ne kawai. Tun kafin doka ma ai Manzon Allah (SAW) ya ce waɗanda ke ƙarƙashinku 'yan'uwanku ne, kar ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora to ku taya su.

Ciwon da ba a gani

Wani ba ƙusa ya taka ba. Yaro mai fara'a ka ga ya koma shiru, yana makara, yana ɓata aikin da ya ƙware a kai, abin magana kaɗan sai faɗa. Kafin ka zage shi a gaban kwastoma ja shi gefe bayan la'asar, "Zo nan ɗana, lafiya kuwa? Me ke faruwa a gida?" Sau da yawa bashi ne, ko mara lafiya a kwance, ko an fasa ba shi yarinyar da yake so. Wani lokacin kuma ƙwaya ce. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ogan da ke ba yaro aikin mutum uku ya ce lallai a gama kafin magariba, yana da hannu a tiramol ɗin da yaron ke haɗiya don ya jure. Korarsa ba ta raba shi da ita, a rage masa lodi, a sa iyayensa a ciki, a kai shi ya ga likita.

Kai ma oga jikinka ba ƙarfe ba ne. Hawan jini ba ya sallama, shiga kemis ko asibiti a auna ka, in ana ta samun 140 bisa 90 ko sama da haka to ga likita, kar ka tsaya a kan jiƙe-jiƙe.

Lissafi da aikin gida

A ce kana da ma'aikata 5, kowa na ɗaukar naira 70,000 a wata. Nawa ne jimillar albashin? Nawa ne kashi 1 cikin 100 nasa? A yi a allo, kar mai waya ya danna.

Na biyu, a ce ku shida ne a shago, yara biyar kowa na jefa naira 100 a asusu kullum, oga na jefa 200, kuna aiki kwana 26 a wata. Nawa zai taru a wata uku?

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: lafiya, haƙƙi, takunkumi, diyya, inshora.

Gobe in ka buɗe shago, kafin a kunna inji, zagaya ka duba da idonka: ina ruwan sha yake, ina janareta yake, gilashi nawa ne kuma mutum nawa ke kallon wuta. Sannan ka tambayi ƙaramin yaronka, shi kaɗai ba a gaban sauran ba, wane abu ne ya fi ba shi wahala a aikin. Rubuta amsarsa yadda ya faɗa, ko da ba ta yi maka daɗi ba, ka zo da ita aji ranar Asabar.