Kurakuran masu kwafar furotin ɗin da ke taɓa garkuwar jiki

Duk shekara sabbin ɗalibai na shigowa ɗakin gwaje-gwaje da burin kwafo ƙwayar gadon furotin ɗin da ƙwayoyin jikin mutum ke fitarwa waje, irin su IL-2 da IL-6, su ga yadda yake motsa ƙwayoyin garkuwar jiki. Kuma kurakuran bara su ne na bana. Na gaji da maimaitawa da baki.

Mafi muni shi ne gubar bakteriya, wato LPS. Ka sa bakteriyar E. coli ta haɗa maka furotin, ka tace, ka ɗiga wa makrofej, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta, ka ga suna ta zubo TNF, furotin da ke nuna sun motsu, sai murna. Dakata! Bangon E. coli cike yake da LPS, kuma ɗan mitsitsinsa ya isa ya tayar da TLR4, makarɓar da ke gane LPS a jikin makrofej. Wannan ya taɓa cinye mana wata da watanni. Wani ɗalibinmu har ya rubuta babi guda. Na ce ya tafasa samfurin ya sake gwadawa, sai ga aikin yana nan daram. Tafasa kan lalata yawancin furotin, amma LPS ko gezau. Ya daɗe tsaye da bututun a hannu, ya kasa cewa uffan. Manya ma ba su tsira ba: a 2003 Gao da Tsan suka nuna cewa tayar da makrofej da ake jingina wa furotin HSP70 na kasuwa aikin gubar ne. Haba jama'a, gwajin LAL, mai auna gubar, nawa yake? Ni ba na duba sakamakon kowa sai ya auna gubar, ya gwada da polimiksin B, maganin da ke dakushe LPS, ya kuma tace samfuri daga bakteriyar da aka sa wa fulasmid (zoben DNA da ake ɗora ƙwayar gadon a kai) marar komai ta hanya iri ɗaya. In da hali ma, na fi so a haɗa furotin a HEK293, ƙwayoyin jikin mutum da ake rainonsu a ɗakin gwaji.

Na biyu, guntun jagoran da ke goshin furotin, wanda ke kai shi hanyar fita sannan a datse shi. IL-2 na da amino asid 153, ana yanke 20, saura 133. Ka liƙa alamar His, wadda da ita ake kamo furotin wajen tacewa, gaban jagoran, za ta tafi tare da shi ko ta hana fitar, ka yi ta tacewa a banza. A kemokin kuwa, furotin masu janyo ƙwayoyin garkuwar jiki, goshin ne ke kunna makarɓa, don haka alama a wutsiya nake sa ta. Kuma don SignalP, manhajar hasashen jagora, bai ga jagora ba, kada ka ce furotin ba ya fita: IL-1β ba shi da jagora sam, wani enzayim mai suna kasfes-1 ne ke yanka shi.

Ga sauran a taƙaice. Kada ka nemi RNA na IL-2, wato saƙon ƙwayar gadonsa, a ƙwayoyin T na garkuwar jiki da ke hutawa, ka tayar da su da sinadarin PHA tukuna. Taniguchi ma daga ƙwayoyin T na Jurkat da aka tayar ya kwafo shi a 1983. Furotin GM-CSF na mutum ba ya aiki a ƙwayoyin ɓera, IL-2 kuwa yana yi. Ka duba maikofulasma, ƙananan bakteriyar da ke gurɓata ƙwayoyin da kake raino, a kai a kai. Furotin da aka sirka da ruwa sosai yana manne wa bututu, sai ka zuba ɗan BSA, furotin jinin shanu, ka rarraba shi ƙanana-ƙanana kafin ka daskarar.