Yadda ake ziyartar ƙauyukan tarihi na ƙasar Folan

Duk mutumin Kano da ya taɓa shiga Gidan Makama ya san adana tarihi irin na cikin ɗakuna, inda ake jera kayan da a bayan gilashi mutum ya bi yana kallo. A ƙasar Folan akwai wani salo dabam, wanda a cikinsa ake ɗauko gidan manomi sukutum, da rumbunsa da turken dabbobinsa, a sake kafa shi a wani fili mai faɗi tare da wasu gidajen har su zama ƙauye. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan wuri skansen, sunan da suka aro daga na farkonsa, wanda Artur Hazelius ya buɗe a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1891. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne yawancin gine-ginen da katako aka yi su, don haka sai a sa wa kowane gungume lamba, a kwance gidan, a ɗauke shi a mota, a sake harhaɗa shi yadda yake. Ginin tubali da yaɓe irin namu na cikin ganuwa ba ya ɗaukuwa haka.

Abu na farko shi ne ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu, kada ka ce sai ka zagaye su duka, domin suna da yawa kuma akwai nisa a tsakaninsu. Mafi daɗewa shi ne na Wdzydze Kiszewskie da ke arewacin ƙasar, a bakin tafki, wanda wani malamin makaranta, Izydor Gulgowski, da matarsa Teodora suka kafa a 1906 don adana al'adun Kashubawa, wata al'umma ta wannan yankin. Wanda ya sauka a Lublin ya huta, tunda nasu a cikin birnin yake, motar bas ta gari za ta kai shi. Amma idan shawarata za a bi, na garin Sanok da ke kudu maso gabas ya fi cancantar wahalar tafiya. An kafa shi a 1958 a kan fili mai hekta 38, kuma a nan ne za ka ga gidajen al'ummu dabam-dabam na wannan yanki mai duwatsu, ciki har da Lemko da Boyko, da kasuwar ƙaramin gari wadda aka sake ginawa da shagunanta.

Maganar shiri ba ta da tsawo. Ana buƙatar bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai da dama, ofishin jakadancin Folan kuma yana Abuja. Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa can, sai an ya da zango. Kuɗin ƙasar zuloti ne, ba yuro ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Mayu zuwa Satumba, domin da hunturu rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, kuma ana rage lokutan buɗewa. Wurare da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, saboda haka a bincika kafin a fita. Wanda ya dace da ƙarshen Agusta ko farkon Satumba zai iya tarar da bikin girbi da suke kira Dożynki, inda ake saƙa zangarniyar hatsi ta zama wani babban kambi a ɗauka ana zagayawa da shi. Ka sa takalmi mai ƙwari, ka ware wa wurin aƙalla rabin yini, domin da ƙafa ake yawon.

In ka shiga, za ka ga yawancin baƙi sun nufi gidan mai ƙasa, wato ubangidan manoman ƙauyen, ko majami'ar katako don ɗaukar hoto. Ka bar waɗannan sai daga baya, ka fara da gidan talaka mafi ƙanƙanta, domin a nan ne idon Bahaushe ya fi na kowa amfani. Ka nemi irin ɗakin da suke kira kurna chata, wato ɗaki marar bututun hayaƙi. Ka sunkuya ka shiga, ka ɗaga kai ka dubi katakon rufin da hayaƙin shekaru ya mayar baƙi ƙirin, kamar jinkar madafin kakarka a ƙauye. A cikin wannan ɗaki ɗaya ake dafa abinci, a kwana, a yi saƙa, kuma in sanyi ya tsananta har ɗan maraƙi akan shigo da shi. Murhun da ke ciki babba ne, ginin ƙasa, ana gasa burodi a cikinsa, yara da tsofaffi kuma su kwanta a kansa don ɗumi. A zaure za ka iske dutsen niƙa na hannu, faifan dutse biyu ne a ɗore, ana juya na sama da sanda. Wanda ya taɓa ganin mace ta durƙusa a gaban dutsen niƙa da asuba ba ya buƙatar a fassara masa allon bayanin da ke gefe.

Daga nan ka nemi adakar amarya, babban akwatin katako da aka yi wa zanen furanni, wanda uwa ke tara wa 'yarta yadin lilin da matasan kai a ciki shekara da shekaru kafin aure, kamar yadda ake tara kayan ɗaki a wurinmu. Sai ka wuce maƙera da masaƙa da rumbu. A ranakun da masu sana'a ke aiki a gaban jama'a, ka tsaya ka kalli maƙeri sosai, ka gwada zugazuginsa da na maƙeranmu. Sai bayan ka ga duk wannan ne zuwa gidan mai ƙasa zai yi ma'ana, domin manoman nan sun daɗe suna yi wa iyayen gijinsu aikin dole a gandu, ba a kuma soke wannan tsari ba sai a 1848 a yankin da Ostiriya ke mulka, da 1864 a yankin da ke hannun Rasha. A Sanok kuwa yana da kyau mutum ya san cewa a 1947 gwamnatin kwaminisanci ta kwashe Lemko da Boyko da suka rage daga ƙauyukansu, aka bar gidaje da majami'u ba kowa. Wasu daga cikin gine-ginen da kake kallo abin da aka ceto ne daga waɗannan kufai, shi ya sa nake ganin ya kamata a shige su da natsuwa.

Batun abinci yana buƙatar kula ta musamman. A irin waɗannan wurare ana yawan miƙa wa baƙo burodi da aka shafa wa wani farin abu mai suna smalec, wanda kitsen alade ne. Haka kuma pierogi, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa wani abu a ciki a dafa, ko da na dankali da cuku ne, akan barbaɗa masa soyayyen kitsen a sama. Ka haddace kalmar wieprzowina, wato naman alade, ko ka rubuta ta a takarda ka nuna wa mai sayarwa. Burodi tsurarsa da zuma da cukun tumaki mai suna oscypek sun ishi matafiyi. Ka riƙe 'yar dardumarka, domin ba za ka sami masallaci a wurin ba, amma fili ba ya wuya, kuma in ka tambayi ma'aikaci da ladabi zai nuna maka gefen da ba za ka tare wa kowa hanya ba.

Wanda yake da sauran kwanaki ya ƙarasa arewa maso gabas, kusa da birnin Białystok, zuwa ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki. Waɗannan ba skansen ba ne, ƙauyuka ne masu rai na Musulmin Tatar, waɗanda Sarki Jan Sobieski ya ba kakanninsu filaye a 1679. Kowannensu yana da masallacin katako da maƙabarta, kuma har yanzu ana salla a ciki. Masallatan ba sa zama a buɗe kowane lokaci, don haka ka tuntuɓi mai kula da su kwana ɗaya ko biyu kafin ka kama hanya.