Ƙurajen da na ɗauka makero ne

Tabo ɗaya ya fito wa ɗana a hammata, zagayayye mai ɓawo. Na ɗauka makero ne, na sayo man shafawa a kemis nan Tudun Wada. Mako biyu ba sauƙi, sai ma ƙuraje suka bazu har wuya da matsematsi. Hankalina ya tashi.

Likitar fata ta kankare ɓawon aka gwada, ba makero ba ne. Ta ce: "Maman yaro, wata cutar fata ce da ake kira pityriasis rosea. A baya da ƙirji ta saba fitowa, tasa ce ta zo a baibai. Da kanta take tafiya cikin mako 6 zuwa 8."

Na ajiye wancan man. Maganin ƙaiƙayi da daddare, wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sai man kaɗanya saboda hunturu. Mako na bakwai ƙurajen suka warke, baƙin tabon ne ya daɗe bai washe ba.