Kurakuran da ke hana ƙiba raguwa bayan shekara 40

Shekarata 46 ranar da ma'aikaciyar jinya ta ɗora ni a kan sikeli, ta ɗebi jinina, ta ce sugana ya kai bakin iyaka, kuma muddin ban rage jiki ba, gwiwar nan da nake kuka da ita ba za ta bar ni ba. Na koma gida na yi abin da yawancinmu ke yi. Na daina karin kumallo, na sayi shayin rage ƙiba, na haramta wa kaina tuwo. Wata uku ina shan wahala, kilo 4 suka tafi. Kafin Babbar Sallah ta zagayo, 6 sun dawo. Shekara biyu na yi ina wannan kai-komo kafin na gane inda gizo ke saƙa, shi ya sa nake jin ciwo idan na ga 'yar uwa ko ɗan uwa ya kama hanyar da na bi.

Kuskuren farko a zuciya yake. Mukan ce girma ya zo, jiki ya daina ƙona abinci, ko ruwa mutum ya sha sai ya zama kitse. Na daɗe ina faɗin haka. A shekarar 2021 mujallar Science ta wallafa wani bincike da Herman Pontzer na Jami'ar Duke a Amurka ya jagoranta, wanda ya duba mutane sama da 6,400 daga ƙasashe 29. Abin da suka gano shi ne, idan aka yi la'akari da girman jikin mutum, ƙarfin ƙona abinci ba ya wani sauyawa tsakanin shekara 20 da 60. Sai bayan 60 yake fara sauka, shi ma a hankali. To me ya canza? Rayuwarmu ce ta canza. Macen da a da take daka, take wanki, take goyo, take hawa da sauka, yanzu yara sun taso sun karɓe aikin, adaidaita sahu kuma har ƙofar gida. Namijin da a da yake taka sayyadarsa zuwa kasuwa, yanzu daga mota sai kujerar shago ko ofis, daga nan sai tabarmar majalisa. Malmalar tuwon kuwa tana nan yadda take, wataƙila ma ta ƙaru tunda hali ya samu. Ga tsokar jiki da ke raguwa kaɗan-kaɗan tun daga shekara 30 in ba a motsa ta. Ga mata kuma, idan jinin al'ada ya fara ɗaukewa, yawanci tsakanin 45 da 55, kitse kan bar cinya da ƙugu ya taru a ciki. Duk waɗannan akwai abin yi a kansu.

Wanda ya fi kowanne cutar da mu shi ne horar da kai da yunwa. Mutum ya wuni ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa, ya ɗauka jarumtaka ce. La'asar na yi hannu ya fara rawa, kai ya ɗau ciwo, magariba na yi sai a zauna a ci na safe da na rana da na dare gaba ɗaya, sannan a kwanta a kai. Sikeli kuma yakan yaudari mutum a makon farko. Jiki na ajiye suga a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan aka yanke abinci, wannan ajiyar ce ke fara tafiya da ruwanta, sai a ga kilo 2 sun faɗi cikin kwana biyar a yi ta murna. Ruwa ne ya fita. Idan aka ci gaba da yunwar, jiki zai fara cin tsokarsa tare da kitsen, kuma ranar da haƙuri ya ƙare aka koma cin abinci, abin da zai dawo yawancinsa kitse ne. Haka na yi sau uku, kowane karo ina dawowa da ƙarin tumbi da ƙarancin ƙarfi.

Gyaransa ba wuya, sai dai yana son haƙuri. A ci abinci a lokutansa, a rage yawan. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya da rabi na mako biyu, sannan ɗaya. Gurbin da aka bari a cike shi da ganye: alayyahu, zogale, rama, kabeji, yalo, gurji, kuɓewa, kabewa. Ni abin da ya taimake ni shi ne na daina ci a babban kwano tare da kowa, na ware faranti nawa. Rabinsa ganye, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, sauran wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suka yarda da shi, kuma a shekarunmu ko rabin kilo aka samu an gode Allah. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin su glibenclamide, don Allah kada ya tsallake abinci ba tare da ya yi magana da likitansa ba, domin suga na iya faɗuwa har mutum ya suma.

Yanzu bari mu shiga kicin, inda na fi daɗewa ban gane ba. Mun ɗora wa tuwo da shinkafa laifi duka, mun bar mai yana sha'aninsa. Giram ɗaya na mai na ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki), alhali giram ɗaya na sitaci irin na tuwo da shinkafa, ko na furotin, wato sinadarin gina jiki, 4 ne kawai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, abin da mutum zai yi tafiyar kusan rabin awa da sauri kafin ya ƙone. Wace ce a cikinmu ke auna mai da cokali? Daga galan muke tuttulawa har sai ya taso saman miya ya yi ja, don kada a ce uwargida ba ta iya girki ba. Ki lissafa: cokali 10 a tukunyar mutum biyar, kowa ya sha cokali 2 kenan a zama ɗaya, kafin a zo kan ƙosai, waina, soyayyar doya, awara, da man da ake kwarara wa ɗanwake da garau-garau. Da yayyafi kogi kan cika. Akwai kuma masu cewa sun koma man zaitun, saboda haka ba komai. Man zaitun na da kyau ga zuciya, amma kalorinsa daidai yake da na man gyaɗa. Abin da na yi shi ne na ajiye cokali ɗaya kusa da kwalbar mai, na rage kashi ɗaya cikin uku ba tare da na sanar da kowa ba. Babu wanda ya lura a gidan. Bayan wata guda na sake ragewa. Daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da kifi busasshe suna ba miya ɗanɗanon da muke nema a wurin mai. Kifi da kaza kuma a gasa ko a yi farfesu.

Abin sha ma haka yake ɓoye mana. Ciki ba ya lissafa abin da aka kurɓa kamar yadda yake lissafa abin da aka tauna, shi ya sa za ki sha lemo ki kuma ci abincinki cif. Robar lemo ta rabin lita na iya ɗaukar suga kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan adadin shi ne iyakar abin da babban mutum zai sha a yini ɗungurungum, kuma in ya tsaya a cokali 6 ya fi masa. Da yawa sukan bar lemon kwalba su koma maltina, ko zoɓo da kunun aya na sayarwa, ko lemon kwali da aka zana 'ya'yan itace a jikinsa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Duk suga ne a ciki. Zuma ma, duk da albarkarta, idan aka cika cokali uku a kofi jiki zai karɓe ta a matsayin suga. Maza kuma su dubi kofin mai shayi: madara, Milo, suga cokali huɗu, ga burodi rabin sanda da ƙwai da aka soya cikin mai. Ban ce a bar shayi ba. A rage sugan rabi-rabi har harshe ya saba, mako biyu zuwa uku ya isa. Zoɓo a haɗa a gida da citta da kanumfari. Fura da nono kuwa abinci ce cikakkiya, a sha ta a madadin abincin rana ba tare da suga ba, kada a ɗora ta a kan shinkafa.

Sai cin da ba ma ƙirgawa. Ɗanɗanon miya sau biyar, ragowar taliyar auta da ba a so a zubar, cincin da dubulan na gidan biki, gyaɗa a mota, tsire da balangu a majalisa bayan an riga an ci tuwon dare. Wanda ya ce "wallahi ba na cin komai" ba ƙarya yake yi ba, mantawa yake. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, har da ranar da aka je suna ko ɗaurin aure. Ranar da na karanta tawa takardar na daina zargin shekaru.

Wani kuskuren da ke karya gwiwar masu ƙaramin ƙarfi shi ne zaton sai da abincin kanti ake rage ƙiba, irin wanda ake nunawa a Instagram. Gero, dawa, acca, wake, zogale da nono da ke kasuwar unguwarmu sun wadatar. Abin da muka fi sakaci da shi shi ne abinci mai gina jiki. Karin kumallonmu koko da burodi, rana taliya, dare tuwo, nama yanka ɗaya a miya in an samu. Furotin na riƙe ciki ya daɗe, kuma shi ne ke kare tsoka lokacin da ake rage nauyi. Dafaffen ƙwai biyu da safe, faten wake, alala, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli daidai misali, kindirmo marar suga, kifi. Mai ciwon ƙoda shi kam sai ya nemi shawarar likita kafin ya ƙara. Tsoka kuma ba ta zama sai ana aiki da ita. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida minti 15 bayan kowane abinci, ta tashi ta zauna a kujera sau 10 ba tare da dafa hannu ba, ta ɗaga robar ruwa. Maigida ya riƙa takawa zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp, ina roƙonku ku bar shi. Yawancinsa mai sa gudawa ne irin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Ruwan jiki da gishirinsa yake fitarwa, kitse na nan inda yake. An sha kama wasu irinsa a ƙasashe daban-daban da aka cusa musu sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai shekara 50 da hawan jini bai kamata ya yi caca da ƙodarsa da zuciyarsa ba. Ɗamarar matse ciki ma gumi kawai take sa wa.

Azumi dama ce babba, amma yadda muke buɗa baki yakan cinye ribar: kunu da suga, ƙosai, soyayyen dankali, lemo mai sanyi, sannan abinci mai nauyi bayan tarawihi. Dabino uku da ruwa, a yi sallah, sannan a ci abu ɗaya mai kyau. Manzon Allah (SAW) ya riga ya ba mu ma'auni: kashi ɗaya na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi.

Barci ma na da hannu. Wanda ke kwana ƙasa da awa 7 a kai a kai yakan tashi da yunwa da kwaɗayin zaƙi. Kuma idan an gyara komai na wata uku ba a ga canji ba, a je asibiti. Raunin ƙwayar tayirod da ke wuya na kawo ƙiba da kasala da jin sanyi. Magunguna irin su prednisolone da dexamethasone, waɗanda wasu ke saya a kemis don ciwon gwiwa, suna kumbura fuska da ciki. Wanda likita ya rubuta masa su kada ya daina kai tsaye, ya koma ya yi masa bayani. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya rage komai ba, shi ma asibiti ya kamata ya nufa da wuri.

Na bar maganar buri zuwa nan saboda shi ne ke sa mutane su yi fushi su watsar. Mace mai 'ya'ya shida tana son komawa jikinta na ranar aure, in ba ta samu ba sai ta ce ba ta yi komai ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane sama da 3,000 masu suga a bakin iyaka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 da ɗoriya kenan. Sikeli a hau shi sau ɗaya a mako, da safe, kafin a ci komai. Abin da ya fi shi faɗin gaskiya shi ne zare: ki auna tsayinki da shi, ki ninka biyu, ki zagaya shi a cikinki daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakinsa bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, ko da sikeli bai nuna nauyi sosai ba.

Ki kuma shirya wa bakin mutane. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuma alamar ciwo ko damuwa. Da na sauke kilo 8 cikin wata goma, a gidan suna wata gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa? Ko shi ne ba ya kula da ke?" Na ce mata, "Gwaggo, lafiya lau, likita ne ya ce in rage saboda suga, kuma yanzu ina yin sallah a tsaye ba tare da na dafa bango ba." Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni cokali nawa na mai nake zubawa a miyar kuka.