Kurakuran da sabon ɗan mishan na Mormon ya fi yi idan an turo shi Ghana

Duk wanda ke zirga-zirga a Accra ko Kumasi ya san su, samari biyu-biyu da farar shat da nakatai da baƙin bajo a ƙirji an rubuta Elder, suna tafe a ƙafa cikin rana. Cocin nasu hedikwatarsa na Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, namiji yana iya fita tun yana ɗan shekara 18 ya yi shekara biyu, mace wata 18 take yi, kuma ba su ke zaɓar ƙasar da za a kai su ba, takarda ce kawai take zuwa. To yaron da jiya-jiya ya gama sakandare a Utah ko Idaho, yau ga shi a cikin trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Ghana, dole ya yi ta kuskure, ni kuma tausayi suke ba ni wallahi, don yawancin kurakuran nan daga abu ɗaya suke fitowa, gaggawa. Ya zo da zumuɗin koyarwa ya manta cewa shi baƙo ne, kuma watannin farko na koyon zaman baƙunta ne.

Na farko kuma mafi tsada shi ne gaisuwa. Can inda ya taso ana shiga magana kai tsaye, sai ya iso ƙofar gidan mutane ya fara bayanin abin da ya kawo shi bai tambayi lafiyar kowa ba, dattijon gidan zai saurare shi don kunya amma daga ranar an rufe masa. A gidan Ashanti, mutanen yankin Kumasi, ruwa ake fara ba baƙo, ya zauna, sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da kowa ya riga ya sani. In mutane na zaune a jere ana fara musabiha daga na dama a bi zuwa hagu. Gyaran ba wuya, ka tsaya, ka gaida babba kafin yaro, ka tambayi gida da aiki, ka jira a ba ka fili. Hannun hagu kuma ka manta da shi wajen miƙa kuɗi ko littafi ko nuna mutum, in hannun dama na riƙe da kaya ka ba da haƙuri kafin ka miƙa. A zango irin Nima da Mamobi na Accra ga ƙari, sallama ake yi a tsaya a waje har a amsa, ba a kutsa kai gidan matan aure, kuma in an kira salla ba lokacin tsayar da mutum da zance ba ne, ka ba shi hanya.

Sai harshe. Da yawa saboda an ce musu Turanci ne harshen gwamnati a Ghana sai su ɗauka an gama, alhali kasuwa da cikin gida Twi ne da Ga da Fante da Ewe, arewa Dagbani, zango Hausa. Ba a ce ka ƙware ba, amma gaisuwar safe da na gode da sannu da aiki, waɗannan ka riƙe su tun makon farko. Turancinka ma ka rage masa gudu. Yara za su bi ka suna obroni obroni, wato bature, ba zagi ba ne, ɗaga musu hannu ka wuce.

Maganar lafiya ita ce wadda ba na son a yi wasa da ita ko kaɗan. Ana ba su maganin kariya daga maleriya, galibi doxycycline kullum, sai yaro ya sha na ɗan lokaci ya ga garau yake ya ajiye, ko kuma ya sha da safe cikinsa ba komai ya yi ta tashin zuciya ya ce maganin bai karɓe shi ba. A sha shi da abinci da ruwa mai yawa, kar a kwanta nan take, kuma yana sa rana ta fi ƙona fata. Gidan sauro kuma ko an ɗauke wuta zafi ya ishe ka kar ka fito daga ciki. Maleriyar yankin nan irin mai tsananin ce, jikin da bai taɓa haɗuwa da ita ba kwana kaɗan take kai shi ƙasa, saboda haka zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji ranar, ban da cewa bari in daure kar a ce ni rago ne. Wannan daurewar ita ke kai mutum gadon asibiti.

Abinci kam kowa da yadda yake sabawa. Fufu haɗiye shi ake yi ba taunawa ba, yaji a fara da kaɗan, abin da dai ba a so shi ne yatsina fuska a gaban matar da ta daka shi dominka. Addininsu ya hana su shayi da kofi da giya da taba, to in an miƙo shayi a majalisa kar ka ce a'a ka yi shiru, ka yi godiya ka ce addininka ne ya hana, ka nemi ruwa. Mutumin zango ya fi kowa gane wannan uzurin.

Inda na fi ganin ana faɗuwa ba a titi ba ne, a ɗaki ne. Dokarsu ita ce ba a rabuwa da abokin aiki, dare da rana tare, tashi ƙarfe shida da rabi tare, kuma ba kai ka zaɓe shi ba, sai bayan mako shida ake duba ko za a yi canji. Sau da yawa ana haɗa Ba'amurke da ɗan Najeriya ko ɗan Kongo ko ɗan Laberiya, ɗaya ana aiko masa kwali daga gida cike da alawa ga kuɗi a kati, ɗayan abin da mishan ta ba shi ne kaɗai, sai a fara raba tukunya, kowa ya dafa nasa, magana ta ragu, a fita wa'azi ana murmushi a dawo ba mai kallon wani. Sabon zuwa yakan ɗauka shi ya fi sanin cocin tunda a cikinsa aka haife shi, alhali abokin nasa ya fi shi sanin yadda ake shiga gidan mutum a fito da mutunci. Ku ci tare, abin da aka aiko a raba, in abu ya ɓata maka rai faɗa masa a daren cikin ladabi kar ka tara har ranar canji.

Kewar gida ma akwai yadda ake ƙara mata wuta. Kafin 2019 sau biyu kacal ake kiran gida a shekara, Kirsimeti da ranar iyaye mata, yanzu kowane mako ana iya kira a ranar hutu, yawanci Litinin. Alheri ne, amma wani sai ya zama daga Talata lissafin Litinin yake yi, jikinsa na Kumasi zuciyarsa na Utah. A kira, a yi hira, a ajiye waya a fita. In kuma abin ya wuce kewa, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, kuka ba dalili mako da mako, wannan a gaya wa shugaban mishan ko matarsa, suna da likitoci da masu ba da shawara, ba raunin imani ba ne.

Kar ka yi wa kowa alkawarin kuɗi ko biza ko kuɗin makaranta don tausayi, za ka tafi ka bar wa na bayanka rigima. Kar ka ɗauki hoton gidan talaka ko yaransa ba izini ka tura gida. Asabar in alkawarin ziyara ya rushe kar ka ji haushi, ranar jana'iza ce a kudancin Ghana, gari guda kan tashi.

Sannan ka san tarihin inda kake tsaye, don za a tambaye ka. Har zuwa 1978 cocin ba ya naɗa baƙar fata a muƙamin firist, a ƙarshen shekarar ne 'yan mishan na farko suka iso Ghana da Najeriya, suka tarar da mutane sun daɗe suna taruwa da kansu suna jira. A watan Yunin 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da cocin ta kori 'yan mishan na waje, mabiya suka koma ibada a cikin gidajensu har ƙarshen 1990, sai a 2004 aka buɗe haikalin Accra. Akwai tsofaffi a cocin da duk wannan a kan idonsu aka yi. In wani ya tayar da maganar 1978 kar ka kauce kar ka yi fushi, amsa masa da gaskiya iya saninka, in ya fi ƙarfinka ka kai shi wurin ɗaya daga cikin tsofaffin nan su yi magana, kai ma ka zauna ka ji.