Idan garinku a Amurka zai ci bashin gyaran gine-gine: yadda zaka yi lissafinka kafin ka jefa ƙuri'a

Wani ɗan'uwa ne ya turo min hoton takarda a WhatsApp, wai an sako masa a akwatin wasiƙa, garinsu na neman izinin ranto miliyoyin daloli a gyara sakatariya da ofishin 'yan kwana-kwana, yace Malam wannan kuma ina ruwana da ita, in jefa a shara ne? Nace a'a Alhaji ajiye ta, ai bil ɗinka ne na shekara 20 aka turo maka tun kafin ya iso. Mu a gida ƙaramar hukuma kasonta take jira daga Abuja ko Yamai, ba mai tambayarka kafin a ci bashi, shi yasa abin yake mana baƙo. Anan kuwa musamman ƙananan garuruwan arewa maso gabas, kuɗin gari mafi yawa daga harajin gidaje yake fitowa, kuma sai an tambayi masu biya. Zan yi bayanin da tsarin Massachusetts tunda shi na fi sani, sauran jihohi kowa da tasa dokar.

Abu na farko, kuma dan Allah kar a yi wasa da shi: in ba ka zama ɗan ƙasa ba kar ka yi rajistar zaɓe, ko da girin kad gareka, ko da wani ne ya miƙo maka fom ɗin a wajen yin lasin tuƙi. Wannan kuskuren kaɗai zai iya ɓata maka takardu har ya kai ga kora. Akwai 'yan garuruwa da suka yarda baƙi su yi zaɓen cikin gari, irinsu Takoma Park a Maryland da Montpelier da Winooski a Vermont, amma tsiraru ne, sai ka ji daga bakin akawun garinku tukunna. Wanda kuma ya riga ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa to a Massachusetts ana rufe rajista kwana 10 kafin zaɓe. Mai haya shima yana da ƙuri'a daidai da mai gida, kuma kar yace bai shafe shi ba, in haraji ya hau mai gida a kuɗin haya zai fanshe, kowa ya san wannan.

Toh menene ma bashin? Gari ba banki yake zuwa kamar ni da kai ba, takardun lamuni yake sayarwa, abin da suke kira bon, masu zuba jari su saya, gari ya riƙa biyansu uwar kuɗi da kuɗin ruwa duk shekara. Irin wanda ake yi don sakatariya ko laburare ko caji ofis jinginarsa ita ce ikon gari na karɓar haraji, ma'ana kai ne jinginar. Ribar da masu sayen suke samu gwamnatin tarayya bata cire mata harajin kuɗin shiga, shi yasa ruwan yake fin na mogej ɗinka, wato bashin sayen gida, sauƙi. Kamfanoni irinsu Moody's da S&P ne suke auna gari su bashi maki, mai AAA yafi kowa samun araha, don haka ka tambayi makin garinku, ma'aji ya sani.

Nasan wasu zasu ce ai riba ce. Eh kuɗin ruwa ne ƙiri-ƙiri, ba irin sukuk ɗin nan, takardun lamuni na tsarin Musulunci, da jihar Osun ta yi a 2013 don gina makarantu ko wanda gwamnatin tarayyar Najeriya ta fara a 2017 na naira biliyan 100 don tituna ba. Ni ba malami bane, wannan ka kai wa limaminku. Abin da kawai zan ce shine ko ka jefa ko baka jefa ba, in ya wuce harajin zai zo gidanka.

Yanzu inda mutanenmu suke ruɗewa: sau biyu ake zaɓen ba sau ɗaya ba. Akwai wata doka da jama'ar jihar suka amince da ita a 1980, sunanta Proposition 2½, ta hana gari ƙara jimillar harajin da yake tarawa fiye da kashi 2.5 cikin ɗari a shekara, banda abin da sababbin gine-gine suka kawo. Babban bashi baya shiga cikin wannan ɗan wurin, so sai a nemi izini biyu. Ɗaya a taron gari, wato zaman da masu ƙuri'a na garin ke yi su yanke shawara, inda ake buƙatar biyu bisa uku na waɗanda suka jefa kafin a ci bashin. Ɗayan a rumfar zaɓe, inda ake neman rinjaye kawai don a cire biyan wannan bashin daga ƙarƙashin waccan iyakar. In aikin an rataya shi akan duka biyun, ɗaya ya faɗi shikenan an koma gidan jiya. Wannan ƙarin na wucin gadi ne, ranar da aka gama biyan bashin yake sauka. Akwai wani ɗan'uwansa da suke kira obarayid, shi kuma in ya hau ya hau kenan yana zama cikin harajin dindindin, galibi don albashi da hidimar yau da kullum ake yinsa. Ka duba da kyau wanne aka kawo muku.

Abin haushin, tambayar da zaka gani a takardar ƙuri'ar cire bashin bata ɗauke da adadin kuɗin sam, jimla ce guda doguwa ta lauyoyi sai eh ko a'a. Adadin yana cikin kundin taron gari, warant kenan, wanda doka tace a kafa shi aƙalla kwana 7 kafin taron shekara, kwana 14 kafin taro na musamman. Je ofishin akawu ka karɓa kyauta ne, ko ka sauke a shafin garin na intanet. Nemi lambar batun, ka karanta abin da kwamitin kuɗi yace a ƙasansa, suna rubuta ko sun goyi baya da yadda ƙuri'arsu ta rabu. In kaga 5 da 4 to akwai magana, je ka ji me huɗun suka gani.

Lissafin shine zuciyar abin, kuma wallahi ba wuya, kalkuletar waya ta isa. Abu huɗu kake nema: nawa za a ranto, shekara nawa, ruwan nawa, sai jimillar darajar duk kadarorin garin da ake biya wa haraji. Bari in ƙirƙiro misali. Ace dala miliyan 12, shekara 20, ruwa kashi 4. In za a riƙa biyan uwar kuɗi daidai wa daida, 600,000 kenan duk shekara, ruwan shekarar farko 480,000, an haɗa 1,080,000. Ace darajar garin duka biliyan 2. Raba 1,080,000 da biliyan 2 ka ninka da dubu, ya baka santi 54 akan kowace dala dubu ta darajar gida. Gidanka masu ƙiyasi sun masa 400,000, to 400 sau 0.54, dala 216 a shekarar farko, 18 a wata. Daga nan yana ta sauka har shekarar ƙarshe ya dawo wajen 125. Jimillar ruwan da gari zai biya kuwa miliyan 5 da dubu 40, kaga aikin miliyan 12 ya zama na 17 da ɗoriya.

Yanzu ja shi zuwa shekara 30 ka gani. Shekarar farko ta sauko 176, kowa ya ji daɗi, amma ruwan ya tashi miliyan 7 da dubu 440. Shi yasa nake ɗan tsaki in naga fosta tana cewa kuɗin kofi ɗaya ne a sati, ai kowane bashi in ka yanka shi ƙanana zai koma kuɗin kofi. Akwai kuma salon da ake biyan adadi ɗaya duk shekara kamar mogej, a misalinmu na shekara 20 wajen 883,000 ne, farkonsa da sauƙi amma ruwansa ya haura miliyan 5 da rabi. Tambayi ma'aji wanne zasu bi.

Ka lura darajar da ake aiki da ita ba farashin da ka sayi gidan bane, wadda ofishin ƙiyasi ya rubuta ce, tana jikin bil ɗin harajinka. A Massachusetts cikakken farashin kasuwa ake nufi, a Connecticut kashi 70 ne. In banki ke biya maka haraji ta cikin mogej ƙila ma baka lura da bil ɗin, sai dai wata rana kaga kuɗin wata ya ƙaru kana ta zargin banki.

Bayan lissafi sai ka je ka ga ginin da idonka, yawanci suna buɗe shi a zagaya da jama'a kafin zaɓe, mutane ƙalilan ke zuwa. Na je irin wannan a wani gari. Daga waje gini ne na jan bulo mai agogo a sama gwanin kyau, da muka sauka ƙasa sai ga bokitai uku a jere ana tarar yoyo, kwalayen takardun haihuwa da na filaye an ɗora su akan katako saboda ruwa, tukunyar ɗumama ginin kuwa mai kula da wajen yana shafa ta kamar tsohuwar jaka yana cewa kayan gyaranta sai an yi cigiya. Wata tsohuwa da keken guragu muka baro ta a ƙasa don ba lifta, ɗakin taron kuma yana sama. Na shiga da niyyar a'a, na fito ina ta tunani.

A nan ne zaka gane dalilin da yasa gyaran rufi yake rikiɗewa ya zama aikin miliyoyi. Dokar naƙasassu ta tarayya ta 1990 tana nan, sannan jihar tana da ƙa'idar cewa in kuɗin aikin ya kai kashi 30 na darajar ginin to dole ginin gaba ɗaya ya zama mai naƙasa zai iya shiga, lifta, banɗaki, ƙofofi, komai. Ka fasa bangon tsohon gini kuma ka tarar da kayan gini masu illa ga lafiya irinsu asbestos ko fenti mai dalma, cire su sai ƙwararru da kuɗi mai kauri. Don haka ba kullum bane cuwa-cuwa, duk da dai mu da muka taso da labarin 'yan kwangila zuciya bata rasa zargi.

Tambayoyin da ni nake yi a wajen sauraron jama'a: wannan adadin daga ƙiyasin mai zane ya fito ko an riga an karɓi tayin 'yan kwangila? Bambancin yana da girma. Nawa aka ware na ko-ta-kwana? Ina ma'aikata zasu zauna lokacin aikin kuma hayar tana ciki? Akwai tsohon bashi da yake dab da ƙarewa, wanda zai rage nauyin? Me ke layi bayan wannan, don in makaranta tana tafe nan da shekara 2 gara in sani yanzu. Sai batun tallafi, garuruwan da suka karɓi dokar adana kayan al'umma ta 2000 suna da asusun da ake iya gyara ginin tarihi da shi, laburare da makarantu kuma jiha tana da hukumomin da ke ɗaukar wani kaso. Wadda ta fi duka, in muka ce a'a me zai faru? A'a ma tana da farashi, faci ne duk shekara daga kasafin yau da kullum, ga kayan gini basa jiran kowa. Amma fa wani lokacin a'a ce take sa su dawo da aikin da aka rage masa ƙawa, na ga hakan ma.

Ranar taron gari ka ci abinci kafin ka fita, ka yi alwala, don abin yana kaiwa dare. Yawanci a ɗakin wasannin makaranta ake yi, a ƙofa za a duba sunanka a baka kati mai kala ko ɗan rimot na jefa ƙuri'a. Wanda bai da rajista wasu garuruwan suna barinsa ya zauna a gefen baƙi ya saurara. Alƙalin taro ne mai bada izinin magana, ka je makirfo ka faɗi sunanka da layinku, tambaya ɗaya gajera ta fi dogon jawabi, turancinka ko da karyayye ne ba wanda zai ci tararka. Garin da bai kai mutum 6,000 ba dole taronsa na kowa da kowa ne, manya kuma wasu wakilai suke zaɓa, a can sai dai ka kira wakilin unguwarku ka gaya masa ra'ayinka. Kuma kar ka tashi da an sanar da sakamako, akwai garuruwan da ƙa'idarsu ta yarda a nemi sake duba batun a daren, masu yara sun tafi gida sai ragowar su juya abin.

In kana wata jihar lambobin sun bambanta. New Hampshire uku bisa biyar suke nema akan bashin da ya wuce dala 100,000, Vermont Talatar farko ta watan Maris ce ranar taronsu, Kalifoniya biyu bisa uku ne amma na makarantu kashi 55. 'Yan'uwanmu 'yan Nijar na Greensboro su sun ga nasu a 2022, lokacin da gundumar Guilford ta amince da bashin makarantu na dala biliyan 1.7 sannan a takarda ɗaya ta ƙi ƙarin harajin sayayya da aka so a taimaka wajen biya da shi, a ci bashi an yarda, hanyar biya an ƙi, sai a nemo ta wani wajen.

In abin ya wuce, ƙarin ba lallai ya zo nan take ba, gari yakan fara da ɗan gajeren rance har aiki ya kankama sannan ya sayar da manyan takardun, shekarar kuɗin garuruwan Massachusetts kuma 1 ga Yuli take farawa. Wanda ke da tsoho a gida ko makaho ko tsohon soja ya leƙa ofishin ƙiyasi, akwai rangwamen haraji amma sai ka cika fom da kanka kuma yana da ranar rufewa. Alhajin da ya turo min hoton dai mun buga nasa a waya a daren, ya fito ƙasa da abin da yake tsoro, yace duk da haka sai ya je ya ga bokitan tukunna.